Toyota GR86: Magajiyar Tsofaffin Motocin da Tayoyin Baya ke Turawa

Duk wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu na shekarun 1980 da 1990, waɗanda injinsu ke gaba amma tayoyin baya ne ke tura su, ya san akwai ranar da lissafi ke daina fita. Tsatsa ta ci gindin gambu da ƙasan but, robobin inji sun bushe, kayan gyara na asali sai an yi ta cigiya har Japan ko Jamus, sannan kuɗin motar kanta ya hau ta yadda mai ita ke jin tsoron fita da ita kullum. A nan tambaya ke tasowa: wace sabuwar mota ce za ta maye gurbin Corolla AE86, ko Nissan Silvia, ko Mazda RX-7, ko BMW E30, ba tare da mutum ya ji ya rasa abin da ya sa yake son tuƙi tun farko ba? A ganina amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce Toyota GR86, kodayake tana da sharuɗɗan da ya wajaba mai saye ya yarda da su kafin ya fitar da kuɗinsa.

Sai an fara sanin abin da ake nema a maye. AE86, wadda Toyota ta ƙera daga 1983 zuwa 1987, ba ta taɓa zama mota mai tsananin ƙarfi ba. Injinta 4A-GE lita 1.6 ne, mai ƙarfin doki kusan 130 a ƙirar Japan, kuma nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne rabon aiki: tayoyin gaba ba su da wani aiki sai juya mota, tayoyin baya kuma su ne ke karɓar ƙarfin inji ta hanyar farfela, saboda haka direba yana jin hanya a tafin hannunsa ta sitiyari, yana kuma iya gyara zaman motar a cikin kwana da totur. Da irinta direban tsere Keiichi Tsuchiya ya yi suna wajen zamar da gindin mota a kwana. Waɗanda suka koyi tuƙi a Peugeot 504 haɗin Kaduna sun san wannan yanayi ko da ba su taɓa ganin AE86 ba, domin ita ma ta baya take turawa.

A shekarar 2002 aka daina ƙera Silvia da RX-7 da Supra ta wancan zamani, aka bar masu son irin wannan mota ba su da zaɓi mai araha sosai. Sai a 2012 Toyota da Subaru suka haɗa hannu suka fito da 86 da tagwaniyarta BRZ, a ƙarƙashin jagorancin injiniya Tetsuya Tada, ana harhaɗa su a masana'antar Subaru da ke Gunma. Waccan ta farko ta dace a wajen riƙe hanya, amma injinta mai lita 2.0 yana da wani rami a tsakiyar ƙarfinsa, wajen juyi 4,000 a minti, inda direba zai taka totur ya ji motar ta yi sanyi a daidai lokacin da yake son ya wuce wata mota. Wannan ne babban ƙorafin da aka yi ta yi har aka canja ta.

GR86 da ta fito a 2021 ta toshe wannan rami, kuma hanyar da aka bi ita ce ta fi burge ni. Ba a ɗaura mata turbo ba, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi. An faɗaɗa bakin silinda daga milimita 86 zuwa 94, injin ya koma lita 2.4, ƙarfinsa ya kai doki 228 a ma'aunin Amurka, ƙarfin murɗawarsa kuma ya tashi daga 205 zuwa 250 a ma'aunin Newton-mita (Nm), yana samuwa tun daga juyi 3,700. Ma'anar wannan a kan titi ita ce, a giya ta uku ko ta huɗu motar tana amsa kira nan take ba sai an sauke giya ba, sannan ta ci gaba da ja har allurar juyin inji ta haura 7,000. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a sa'a tana ɗaukar daƙiƙa 6.3 da giyar hannu. Akwai manyan motocin iyali masu amfani da lantarki da za su bar ta a baya a fitilar hanya, amma wanda ke neman magajiyar AE86 ba wannan ne ma'auninsa ba.

Injin na Subaru ne, silindojinsa huɗu a kwance suke, biyu a dama biyu a hagu, shi ya sa injin ya zauna ƙasa sosai kuma banet ya yi kwanciya. An yi rufi da banet da fikafikan gaba da alminiyam don rage nauyin sama, motar duka ta tsaya a wajen kilo 1,270. Idan mutum ya shiga, zai ji ya zauna kusan a kan kwalta, ƙafafunsa a miƙe, sandar giya gajera tana daidai inda hannu ke faɗawa idan ya bar sitiyari, birkin hannu kuma na ja ne irin na da, ba maɓalli ba. Giyar tana shiga da ɗan tauri da ƙarar ƙarfe, musamman ta biyu da sassafe kafin mai ya ɗumama. Kulocin ba shi da nauyi, sai dai wurin da yake kamawa yana buƙatar sabo, kuma baƙo yakan yi ɗan fizga a tashin farko.

A kwana ne motar ke nuna asalinta. Da an karya sitiyari hancinta ke bi ba tare da jinkiri ba, jikinta ba ya rinjaya sosai, kuma idan aka ƙara totur a tsakiyar kwana, ana jin gindinta yana matsawa waje a hankali, yana ba da sanarwa ta kujera tun kafin ya zame. Na'urar Torsen da ke cikin bakasil tana hana tayar baya da ke ta cikin kwana ta yi ta juyawa a banza, tana miƙa ƙarfin ga wadda ta fi riƙe ƙasa. Halinta kamar na dokin da ya san linzami ne, wanda ke bin ƙaramar alama amma ba ya ɓoye wa mahayi idan ya yi kuskure. Sitiyarin na lantarki ne, kuma dole a faɗi gaskiya, bai kai na tsofaffin motocin kawo labarin kowane tsakuwa ba. Duk da haka yana da daidaito, kuma ba ya jin kamar an raba shi da tayoyi.

Batun taya yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ƙirar ƙasa, wato mafi araha, tana zuwa da rim mai inci 17 da tayar Michelin Primacy HP, wadda riƙonta matsakaici ne da gangan, ta sama kuma tana da inci 18 da Pilot Sport 4 mai riƙo sosai. Wanda ya taso da tsofaffin motocin zai fi jin daɗin ta ƙasan, domin ita ce ke barin motar ta yi wasa a gudun da ba ya da haɗari, kuma ta fi laushi a kan hanya mai gargada. Mai zuwa filin tsere ko mai yawan tafiya cikin ruwan sama ya fi dacewa da ta saman.

Cikin motar ba na alfarma ba ne. Robar dashbod mai tauri ce, allon inci 8 yana karɓar manhajojin haɗa waya da mota na Apple CarPlay da Android Auto kuma iyakarsa ke nan, ƙarar taya tana shigowa sosai a doguwar tafiya, kuma wani ɓangare na sautin injin da direba ke ji daga lasifika yake fitowa, abin da ban ga amfaninsa ba. Kujerun baya ba za su ɗauki babban mutum ba sai yara ƙanana ko jaka. Amma idan aka kwantar da su, wurin yana cin tayoyi huɗu, kuma da wannan manufa aka tsara shi.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi. Tun 2022 wasu masu motar a Amurka suka fara bayyana cewa an sami ɓarɓashin gam ɗin da ake liƙe murfin ƙasan inji da shi a bakin bututun da ke zuƙo baƙin mai, kuma masu gwaji a filin tsere sun nuna cewa matsin man yakan sauka a doguwar kwanar dama idan ana tsananin gudu da taya mai riƙo. Ga mai tuƙin titi na yau da kullum wannan ba abin tayar da hankali ba ne, matuƙar yana duba sandar mai a kai a kai kuma yana juye a kan lokaci. Amma wanda zai sayi ta hannu ya nemi takardun juyen mai, ya tambaya ko an shiga filin tsere da ita, kuma ya sa bakanike ya kwance murfin ƙasa ya duba matatar bututun. Kuɗin wannan aiki kaɗan ne idan aka kwatanta da na sabon inji.

Sauran zaɓuɓɓukan kowanne ya karkata wani gefe. Mazda MX-5 ta fi ta sauƙin nauyi da kusan kilo 200 kuma giyarta ta fi daɗi, sai dai kujera biyu ce kacal, dogon mutum kuma yana takura a ciki. Nissan Z ta 2023 tana da inji V6 mai lita 3.0 da turbo biyu da ƙarfin doki 400, amma nauyinta ya doshi kilo 1,600, kuma ta fi kama da motar doguwar tafiya. Toyota GR Supra, wadda aka ƙera a Graz ta ƙasar Austriya da injin BMW mai silinda shida, ta fi GR86 gudu nesa ba kusa ba, ta kuma fi ta tsada da tazara mai yawa. BMW M2 ta yanzu ta haura kilo 1,700, wato ta yi nisa da E30 da ake kira kakarta. Wanda tsohuwar motarsa Datsun 240Z ce ko Supra mai silinda shida zai iya samun abin da yake so a cikin waɗannan. Mai kewar ƙaramar mota marar nauyi kuwa, ƙarin ƙarfi ba zai biya masa bukata ba.

An fara sayar da GR86 a Amurka kan dala 27,700, kuma a Birtaniya kason da aka ware mata a 2022 ya ƙare cikin minti 90. A Turai zamanta bai yi tsawo ba, saboda sababbin dokokin kariya da suka hau kan duk sababbin motoci a 2024 sun fitar da ita daga kasuwa. Ga mai son shigo da ita Nijeriya ko Nijar, mai sitiyarin hagu daga Amurka ko ƙasashen Larabawa na yankin Gulf zai nema, kuma abubuwa biyu ya kamata ya auna da idon basira. Tazararta da ƙasa milimita 130 ce kawai, don haka tudun rage gudu sai an hau shi a karkace, hanyar da ruwa ya zaizaye kuma ba tata ba ce. Injin kuma yana matse iska da mai sau 12.5, saboda haka ba ya jure gurɓataccen fetur, kuma ba kowane gareji ne ya saba da injin Subaru na kwance ba. Wanda ke da wata motar ta zirga-zirgar gida, yana da gidan man da ya amince da shi da bakanike mai karanta na'urar gwaji, shawarata ita ce ya ɗauki mai giyar hannu da rim mai inci 17, ya ware wani abu daga kuɗin don duba baƙin mai da sauya man birki tun a watan farko.