Katin Dixit: ba ya duba, amma yana kwance baki

Duk wanda ya ga na baza katunan nan a kan tabarma, tambaya ɗaya yake fara yi: "Malama, ko duba kika koma?" Har Inna sai da ta tsare ni da ita. To, a'a. Mai duba da katin tarot cewa yake kowane kati na da ma'anar da aka riga aka yanke, kuma zai faɗa maka abin da ke gabanka. Wannan kam na yi hannun riga da shi, gaibu na Allah ne. Katin Dixit ba shi da littafin fassara, babu ko kalma ɗaya a kan hotunan. Zane ne kawai, kai za ka faɗi abin da ka gani.

Asalinsa ma wasa ne na iyali. Kamfanin Libellud na birnin Poitiers a Faransa ya fitar da shi a 2008, kuma a 2010 ya ci kyautar Spiel des Jahres, wadda Jamusawa ke ba wasan da ya yi zarra a shekara. Wanda ya ƙirƙire shi, Jean-Louis Roubira, likitan ƙwaƙwalwar yara ne, shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga yadda yake zaƙulo magana daga cikin mutum. Marie Cardouat ce ta zana katuna 84 na kwalin farko. Manya ne, sun fi karta girma sosai, takardar kuma tana da kauri. A wasan, mutum ɗaya ke ba da kalma a kan katinsa, sauran su yi ƙoƙarin gano wanne ne, ana tura 'yan zomaye na katako ana ƙirga maki. Zomayen nan nawa suna kwance a kwali, ba don su na saya ba.

Ga yadda nake yi. Bayan sallar isha'i, idan yara sun kwanta, sai in riƙe tambaya ɗaya a raina, misali me ya sa na wuni ina jin haushi. In baza katunan a buɗe, in ɗauki wanda idona ya tsaya a kai, in rubuta abin da nake gani a ɗan littafina. A buɗe nake zaɓa da gangan, domin jawo kati a kife yana kama da neman sa'a, ni kuwa ba na son ko warin wannan.

Akwai wani mai hoton sikeli, jakar kuɗi a gefe ɗaya, gashin tsuntsu a ɗaya gefen. Ranar da na ɗauke shi ina tsammanin zancen albashi zan rubuta. Sai alƙalami ya kai ni ga ƙanwata, da yadda nake auna duk abin da na yi mata da abin da ta yi mini, har zumunci ya zama ciniki. Katin bai san ina da ƙanwa ba. Abin yana raina tuntuni, kunya ce ta hana ni kallonsa kai tsaye, amma da aka ce in bayyana zane sai ya fito da kansa. Mun saba da wannan a karin magana: ana zancen wani abu alhali kowa ya san inda aka nufa.

Na gwada shi da 'yan matan ajina kuma. Yarinyar da za ka tambaya "me ke damunki?" ta ce "ba komai", in ta ɗauki hoton yaro da takobin katako a gaban ƙaton dodo, sai ta yi ta bayanin yadda yaron ke jin tsoro. Ka'idata ɗaya ce: ba mai fassara wa wani katinsa. Abin da mai kati ya ce, shi ke nan.

Yanzu ga aibunsa. Duniyar zanen ta tatsuniyoyin Turai ce, da gine-ginensu da suturarsu. Ba rumbu, ba kasuwa irin tamu, ba mace da goyo. Yaran sukan ɓata lokaci suna tambayar "wannan mene ne?" kafin su kai ga abin da ke ransu. Wasu katunan kuma shirme ne a wajena, na ware su gefe. Sai tsada: daga waje ake kawo shi, lissafin kuma da dala ne, ga shi rabin abin da ka biya na allon maki ne da zomaye. Wanda tunani kawai yake nema, gara ya sayi ƙarin katunan da ake sayarwa daban, irin su Quest ko Journey, su ma 84 ne a kowane ƙunshi kuma sun fi araha.

Wanda baƙin ciki ya kwantar, ba ci ba barci, likita yake buƙata, kati ba zai yi masa ba. Ni dai nawa gefensu ya fara laushi saboda taɓawa, ina neman ledar da ake saka kati mai faɗin santimita 8 da tsawon 12.