Wane katin Wi-Fi za ka saya idan kana yawo da laftof?

Idan laftof ɗinka a tebur ɗaya yake kwana yake tashi, kusan kowane kati zai yi. Amma a ofis ko makaranta mai rauta (na'urar da ke watsa Wi-Fi) uku ko huɗu, tambayar da ta fi maganar gudun intanet muhimmanci ita ce: yaushe katin ke sakin rautar da ya yi wa nisa ya kama ta kusa?

Katin na leƙen sauran rautoci a ɓoye kana cikin aiki, kuma ba ya tsananta leƙen sai sigina ta faɗi ƙasa da wani ma'auni. Da dBm ake auna ƙarfin sigina: -50 ƙarfi ne sosai, -80 kuwa ana ta maneji. Matsalar ita ce zangunan rediyon da Wi-Fi ke bi, na 2.4 GHz da na 5 GHz, ba halinsu ɗaya ba. Na 2.4 ya fi ratsa bangon bulo, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, tashoshi uku kacal (1, 6 da 11) ne ba sa hawa kan juna. Na 5 kuwa da ka shiga ɗaki na biyu siginarsa ta ragu, amma ko a -72 sau da yawa ya fi na 2.4 gudu. In aka yi musu kuɗin goro da ma'auni ɗaya, sai katin ya riƙa barin hanya mai kyau, kana tsakiyar Zoom murya na tsinkewa. Shi ya sa manhajar iwd ta Intel, mai sarrafa Wi-Fi a Linux, ta raba ma'aunin: -70 ga 2.4, -76 ga 5. A wpa_supplicant kuwa, wata manhajar mai aiki iri ɗaya, layin saiti irin simple:30:-70:3600 lamba ɗaya yake ba ka, wato leƙe duk daƙiƙa 30 in sigina ta yi ƙasa da -70, in ba haka ba sai bayan awa guda.

'Yan ƙananan na USB masu Realtek RTL8188 suna da araha, amma 2.4 kaɗai suka sani, don haka maganar raba ma'auni ma ba ta taso ba. Haka Atheros AR9271, duk da farin jininsa wajen masu Linux.

Ni dai Intel AX200 nake ba da shawara: zango biyu, direbansa (manhajar da ke tafiyar da katin) na cikin Linux, a Windows kuma akwai saitin Roaming Aggressiveness mai matakai biyar, na yadda katin ke hanzarin sauya rauta. AX210 ya ƙara 6 GHz, amma in rautarka ba mai zangon 6 GHz ba ce, irin Wi-Fi 6E, ka riƙe canjinka. MediaTek MT7921 ma ba laifi.

Ka kula da AX201. Yana kama da AX200 kamar an tsaga kara, amma sai a wasu laftof masu furosesar Intel yake aiki, a laftof mai furosesar AMD ko motsi ba zai yi ba. Wasu tsofaffin Lenovo da HP kuma ba sa karɓar baƙon kati sam. Ka tafi shago da laftof ɗin, a buɗe shi, a saka katin, ka ga ya kama 5 GHz kafin ka biya.