Ajin da malama ke zaune a gefe tana rubutu

Wanda yake son ya ji yara suna rera baƙaƙe da ƙarfi tun daga bakin ƙofa, makarantar da 'yata ke zuwa ba za ta burge shi ba. Tsarin Montessori suke bi, wato na likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a 1907. 'Yan shekara 3 zuwa 6 suna aji ɗaya, kuma da safe ana barin su wajen awa 3 a jere, kowa ya ɗauko aikin da yake so daga kan kanta ya duƙufa.

Malamar kuwa tana kan wata 'yar kujera da littafi a cinya. Ranar da aka bar iyaye suka shiga kallo, na tarar da 'yata tana fama da wani katako mai ramuka 10, kowane rami da ɗan gungumen da ya yi daidai da shi. Ta saka 9, na ƙarshe ya ƙi shiga, domin tun farko ta jefa siriri a rami mai faɗi. Ta danna, ta murɗa, ta ɗago ta dubi malama. Ni dai hannuna har ƙaiƙayi yake. Malama ba ta ce uffan ba, ta sunkuya ta rubuta wani abu. Yarinya ta zazzage su duka, ta soma bin bakin ramukan da yatsa kafin ta saka. Da suka shiga cif, sai ta sake zazzagewa ta koma farko.

Haka aka ƙera kayan, su da kansu suke nuna wa yaro inda ya kauce. Amma abin da ya sa nake yaba wurin shi ne littafin nan. Da muka zauna da malamar, ta ce, "Malam, ta fara riƙe kan gungumen da yatsu uku, irin riƙon fensir, don haka na kusa nuna mata baƙaƙen da ake shafawa da yatsa. Sannan a rage yi mata tafi tana cikin aiki, da an yabe ta sai ta tashi ta bar shi." Ni da nake kwana gida ɗaya da yarinyar ban taɓa lura da wannan ba. Kuma shirun nata ba sakaci ba ne: wani yaro ya fizge aikin ɗan'uwansa, kafin a ƙifta ido tana tsakaninsu.

Inda ban ji daɗi ba, mataimakiyarta. Ita ma a zaune take, amma idonta na kan waya, alhali wani yaro ya daɗe yana yawo yana taɓa wannan ya bar wancan. Daga taga ba za ka bambanta zaman su biyun ba. Sannan bayanin da ake ba iyaye ya yi kaɗan, tunda yaro ba ya dawowa da takardar aiki, sai ka bi ka tambaya.

Zan bar 'yata a can shekara mai zuwa, muddin wannan malamar ce a ajin. In za ka kai naka, nemi a bar ka ka zauna safiya guda, ka kuma roƙi malamar ta karanta maka abin da ta rubuta a ranar.