Ɗan sandan da aka kora: hukuma ko kotu?

A ƙauyukanmu na wajen Ringim, in aka tuɓe wa ɗan sanda kaki, dattawa kan ce ya bi ta lalama. Ga mai son bin haƙƙinsa, ƙofa biyu ce, tunda doka ta hana 'yan sanda shiga ƙungiyar ƙwadago, balle wata ta tsaya masa.

Ta farko ita ce Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda a Abuja, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba ikon ɗauka da kora. Takardar koke kawai zai rubuta, ba kuɗin lauya. Sai dai jira, wani har damina ta zagayo bai ji komai ba.

Ta biyu Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai reshe a Kano. Sashe na 254C na tsarin mulkin ya ba ta ita kaɗai hurumin rigimar aiki, don haka zuwa babbar kotun jiha ɓata kuɗin mota ne. Tana iya soke korar in ba a saurari mutum ba kafin a hukunta shi. Amma lauyoyin gwamnati kan fake da dokar da ta ce sai a shigar da ƙarar jami'in gwamnati cikin wata 3, kuma jiran hukuma na iya cinye watannin. Ga wani tarko: shari'ar da kotu ta riga ta yanke tsakaninsa da waɗanda suka kore shi ba a sake ta da ita, ko da sabon lauya.

Da ƙanena ne, zan ce ya aika koken, amma ya ga lauya a makon.