Filawud mai shafen masana'anta da farin filawud: wanne ya dace da kabad ɗin kicin?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, kafinta a nan Katsina, ya tambaya ko ya yi wa wata Hajiya kabad ɗin kicin da filawud da aka gama shafensa tun daga masana'anta, ko da fari, wato wanda ba a shafa masa komai ba, wanda zai goge ya fesa da kansa, ga shi ta nace sai launin da ya dace da tayil ɗinta.

Girmansu ɗaya ne, ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, kuma mai kaurin milimita 18 ne ya dace da jikin kabad. Bambancin yana kan fuskar katakon. Na masana'anta ana busar da shafensa da wani hasken fitila na musamman da ake kira UV, don haka ya fi abin da muke fesawa tauri, yana jure maiƙo da sabulu, kuma yana ɗauke wa kafinta wahalar samfefa da jiran bushewa. Duk wanda ya taɓa fesa banish a watan Janairu ya san yadda ƙurar hunturu take manne wa aiki. Sai dai gam ba ya kama fuska mai santsi, sai an kankare mahaɗar ko an ɗaure da sukurori. Zarto mai manyan haƙora yana tsattsage bakin katakon, kuma idan katakon ya ƙwarzane a hanya daga kasuwar katako ta Na'ibawa a Kano, da wuya gyaran ya ɓoyu. Bakin da aka yanka dole a rufe shi da tef, musamman a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda ruwa yake kumbura katako.

Farin filawud ya fi cin lokaci, amma yana karɓar kowane launi, kuma ana iya sake fenta shi bayan shekaru.

A ganina, Malam, ka haɗa su. Ka yi ciki da kantoci da na masana'anta, tunda nan ne fesawa ta fi wuya, ƙofofi da fuskar durowa kuwa ka yi su da fari, ka ba su launin da Hajiya take so. Kada ka ja da ita a kan launi, domin ita za ta zauna da shi kullum, amma ka bayyana mata ƙarin kwanaki da kuɗin da fesawa za ta ci. Kafin ka fenta ƙofofin, ka fesa launin a kan guntun katako ka kai mata kicin ɗin, ta gwada shi da tayil a hasken ɗakinta, domin hasken rumfar aiki daban yake.