Makarantar kwanan da na kai ɗana: katanga ta yi, amma cikin hostel sai a hankali

Ƙawaye sun dame ni da tambaya wai ya makarantar da na kai yarona, to bari in faɗi abin da na gani a zango uku. Ba zan kama suna ba, ta kuɗi ce, maza zalla, a bayan garin Kano, kuma kuɗin ba na wasa ba ne wlh.

Ranar da muka je dubawa abin da ya tafi da ni katanga ce, doguwa da waya mai ƙaya a sama, get biyu, masu gadi dare da rana, ga kyamarar tsaro. Tun abin Ƙanƙara a Disambar 2020 da aka kwashe yara sama da 300, sai ga na Jangebe a Fabrairun 2021, duk uwar da za ta kai ɗa makarantar kwana katanga take fara kallo, ni ma haka na yi. Ban tambayi waye yake kwana da yaran ba ko sau ɗaya, Abbansa kuwa sakamakon WAEC da NECO kawai yake ta bi da firinsifal.

Karatu ba laifi gsky, lissafinsa ya gyaru, haddarsa ma ta ƙaru. Abinci kuma gabza ce dai irin wadda muka sani, ba zan ɓata bakina a kai ba.

Bisitin na farko na ga yaro ya zabge, wuya duk ya fito. Na ce ina furobishin ɗinka, madara da Milo da garin kwaki da ƙuli da na haɗa maka na wata guda, ya ce sun ƙare. Bokiti fa? Ya ɓata. Na ce wani na taɓa ka ne, ya sunkuyar da kai ya ce Umma ba komai. Na yarda don ina so in yarda. Sai da aka yi hutu ya cire riga zai shiga wanka ƙanwarsa ta ce Umma zo ki ga bayan Yaya, shatin bel ne kwance har ya yi baƙi, shi ma sai da na kwana biyu ina lallaɓa shi kafin ya buɗe baki.

Ashe da an kashe wuta ƙarfe 10 mulki ya koma hannun 'yan SS3. Hausmasta a kwatas ɗin malamai yake kwana, can nesa, ko ihu aka yi ba zai ji ba, kyamarar nan kuwa get take kallo. Ɗan JSS1 zai tashi kafin asuba ya ɗebo wa siniya ruwa kafin nasa, ya yi masa wanki da guga, mukullin lokarsa ma a hannun siniyan yake, in ya makara a sa shi tsallen kwaɗo daga ƙofar hostel zuwa famfo ko a sa shi ya kwana ƙarƙashin gado. Wai mafita ita ce ka samu sukul fada, wato siniyan da zai tsaya maka, shi ma da madararka za ka biya shi. Abin da ya fi ƙona min rai da ya ce Umma ki bari, ai in na kai SS3 ni ma zan rama. Yaro ɗan shekara 11 har ya fara tanadin wanda zai zalunta.

Da aka koma na samu firinsifal. Ya karɓe ni da mutunci, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma buɗar bakinsa sai cewa ya yi Hajiya ai duk haka muka taso, shi ke sa yaro ya zama namiji. Na ce Malam ka tuna yaron nan na makarantar Dowen College a Legas da ya rasu a Nuwambar 2021, ko da binciken kotu ya ce ciwo ne ya kashe shi ba duka ba, ai ka ga yadda ƙasa ta ɗauka, ga bidiyon makarantar nan ta Gwarinpa a Abuja a Afrilun 2024 da aka yi ta sharara wa yarinya mari har aka rufe makarantar kwana 3, jira kuke sai naku ya fita a Facebook? Ya ce za a ɗau mataki. Matakin shi ne washegari a asambali aka kira siniyoyin aka zane su, aka kuma faɗi wanda ya kawo ƙara!! Haba jama'a. Sati biyu ba mai yi wa ɗana magana sai dai a ce ga munafiki nan, har 'yan ajinsu suna gudunsa don kar ta shafe su. Gyaran gangar auzinawa kenan.

Suna da malamin ba da shawara a rubuce, amma shi ne kuma mai riƙe dorina a bakin dainin, to wane yaro ne zai kai masa kuka. Akwatin ƙorafi kuma a ƙofar ofishin malamai aka kafa shi inda kowa zai ga wanda ya jefa takarda.

Wadda zan yaba wa ita ce nas ɗin sikbe, Allah Ya saka mata da alheri. Duk yaron da ya zo da ciwo sai ta rubuta a littafi da kwanan wata, in ya ce faɗuwa ya yi ta rubuta abin da idonta ya gani. Littafin nan ne ya taimake mu a taron PTA, don da na miƙe na yi magana sai ga iyaye wajen takwas kowa da nasa, wani Alhaji lauya ya tuna musu akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya tun 2003, Kano ma ta sa hannu a tata a 2023, nan fa jikin kowa ya yi sanyi.

Zango na uku an samu canji. An ware wa JSS1 da JSS2 hostel ɗinsu daban, malamai biyu suna kwana a ciki, an hana firifet riƙe bulala, an kori siniya ɗaya. Duk Lahadi yara na kiran gida, sai dai da wayar hausmasta ne kuma yana tsaye a kansu, sai ka ji yaro yana ta lafiya lau Umma lafiya lau kamar karatu. Na ce a ba nas wayar, har yau shiru.

In maki ne, tsaron waje 9 cikin 10, karatu 7, kula da yara a hostel a da 2 zan ba su yanzu sun hau 5. Na bar shi ya ƙara zango ɗaya in gani, ƙaninsa dai ban saya masa fom ba tukun. Litinin za su koma, na sayi bokiti na uku na rubuta sunansa da fenti a ciki da waje.