Kafin a tura yaro sansanin daji: wane shiri ya dace da 'ya'yan marasa ƙarfi?

Malami, ko uba, ko mai kula da gidan marayu da ke son yaransa su fita su hau dutse, su tuƙa kwale-kwale, su kwana a tanti, zai tarar da shirye-shirye iri-iri, kowanne da hotunansa masu ɗaukar ido. Kuɗin hannu kuwa ba yawa, dole a zaɓa. A ganina tambayar farko ita ce: idan yaro ya dawo gida, me zai biyo baya?

Akwai shirin da ake yi a dunƙule, mako guda zuwa uku. Fitaccensu shi ne Outward Bound, wanda Kurt Hahn da Lawrence Holt suka kafa a Aberdyfi ta yankin Wales a 1941, don horar da matasan ma'aikatan jirgin ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu. Irin wannan yana da ƙwararrun masu horarwa da kayan aiki na gari, kuma yana girgiza matashi sosai. Sai dai yana da tsada, in ba an sami tallafi ba, kuma ranar da mota ta sauke yaro a ƙofar gida shi ke nan, an rabu. Yaron da ya saba manya su shigo rayuwarsa su fice, wannan rabuwar tana yi masa ciwo fiye da yadda muke zato.

Shi ya sa na fi karkata ga Sikawut. Tun sansanin farko da Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, yara 20 ya haɗa, wasu daga gidajen masu hali, wasu 'ya'yan masu aikin ƙarfi. A Sikawut ana haɗuwa kowane mako, shugaba ɗaya ya san yaro shekara da shekaru, ya san ranar da ya zo da fushi, ya san ranar da bai karya ba. Rauninsa shi ne masu sa kai ke riƙe da shi, don haka wata tawagar ta fi wata nesa ba kusa ba. A je a zauna da su sau biyu kafin a yi rajista, a kuma tambayi kuɗin yunifom.

Ga wanda ya kai 14, akwai lambar yabo ta Duke of Edinburgh, da aka fara a 1956, ta 'yan shekara 14 zuwa 24. Mataki uku ne: tagulla, azurfa, zinariya. Tafiyar matakin tagulla wuni biyu ce da kwana ɗaya a waje, ta zinariya wuni huɗu da kwana uku, kuma matasan ne da kansu ke riƙe taswira su nemo hanya. Ana haɗawa da aikin taimakon jama'a da koyon wata fasaha na tsawon watanni, a ƙarshe a sami shaidar da za a nuna wajen neman makaranta ko aiki. Ga matashin da takardunsa ba su da ƙarfi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sansanin hutu na kyauta, kamar na Fresh Air Fund da ke fitar da yaran talakawan birnin New York tun 1877, yana da kyau a matsayin ɗanɗano na farko.

Ko wanne aka zaɓa, kalmar "kyauta" ba ta isa ba. A tambaya dalla-dalla: wa zai ba da takalmi mai ƙwari, da rigar ruwa, da jakar barci, da kuɗin mota? Yaron da ya iso da kayansa a leda, sanye da silifas, alhali sauran na goye da jakunkuna, tun kafin a kafa tanti ya gane matsayinsa. Shiri na gari yana raba wa kowa kaya iri ɗaya daga ma'ajiyarsa, ba ya kiran sunayen waɗanda aka biya wa a bainar jama'a, ba ya kuma ɗaukar hotonsu don neman gudummawa sai da izinin iyaye.

Sai batun tsaro, wanda babu sassauci a cikinsa. Yara nawa ke hannun babba ɗaya? An binciki tarihin ma'aikatan? Akwai mai takardar taimakon gaggawa a kowace fita, da rigar hana nutsewa daidai jikin kowane yaro? Akwai mata masu kula da 'yan mata da dare? Sannan a jefa musu wannan: yaya kuke yi da yaron da ya yi fitsarin kwance, ko wanda ya ƙi hawa igiya yana kuka? Wanda ya ce a asirce ake canza shimfiɗa kafin sauran su farka, kuma ba a tilasta wa kowa hawa, ya san yara. Wanda ya ce da tsawa ake gyara su, a tattara takardu a nemi wani wuri.